Tambaya da Amsa: Soyayyiyar Gyaɗa da Wadda Aka Haska, Me Gwajin Dabbobi Ya Nuna?

TAMBAYA

Ni mai sana'ar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, kuma ni ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu masu wannan sana'a. Muna sayen gyaɗa buhu-buhu, mu soya, mu kai inji, mu matse mai, mu toya ƙuli, abin da ya rage kuma masu kiwon kaji su saye. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ɗana da ke jami'a ya nuna mini a waya wai Turawa sun gwada soyayyiyar gyaɗa a kan ɓeraye, sun ga tana da illa. Na biyu, wani ɗan kasuwa da ke son ya riƙa fitar da kayanmu waje ya ce idan aka kai gyaɗa aka haska ta da hasken nukiliya, duk cuta da gubar da ke cikinta za su mutu, har wadda ta yi fumfuna ma za ta gyaru. Wasu daga cikin matanmu sun ce su kam ba ruwansu da duk abin da ya shafi nukiliya, ciwon daji yake sawa. Malam, wanne ne gaskiya? An taɓa gwada wannan a kan dabbobi? Me aka gani? Da wannan gyaɗar muke ciyar da 'ya'yanmu, kuma ba ma son mu ɗauki alhakin kowa.

Daga wata mai karatunmu, Kano.

AMSA

Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya zuri'a. Bari in ba ki amsar a dunƙule, sannan mu warware ta.

An gwada, kuma an daɗe ana gwadawa. Abin da gwajin dabbobi ya nuna shi ne suya ba ta mai da gyaɗa guba, haskawa bisa ƙa'ida ma haka. Sai dai babu ɗaya cikin biyun da ke gyara gyaɗar da ta riga ta lalace. Matan da suka tsorata sun ji tsoron abin da bai kai ba, ɗan kasuwar kuma ya ɗora wa hasken kayan da ba zai iya ɗauka ba. Abin da ya kashe dabbobi a zahiri, ya sa musu ciwon daji a hanta, gubar fumfuna ce. In muka tsaya gardama kan wuta da haske muka manta da ita, mun bar jaki muna dukan taiki.

Yadda ake yin gwajin

Ana samo ɓeraye 'yan asali ɗaya, tsara ɗaya, a kasa su rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya a ba shi abincin da aka saba, sauran a haɗa musu da abin da ake son gwadawa, wasu kaɗan, wasu da yawa. Gajeren gwaji kwana 90 ne, dogon kuma shekara biyu, wato kusan iya tsawon ran ɓera. Ana auna nauyinsu, a duba jini da fitsari, a lura da haihuwarsu da lafiyar 'ya'yansu. Daga ƙarshe a feɗe su, a duba hanta da ƙoda da hanji da madubin likita.

Idan magani ko wani sinadari ake gwadawa, aikin da sauƙi. A yi ta ƙara yawansa har a ga inda illa ta fara, a ɗauki adadin da bai yi komai ba, a raba shi gida 100, a ce ga iyakar ɗan Adam. Abinci bai yarda da wannan lissafi ba. Ba yadda za a yi ɓera ya ci ninki 100 na gyaɗar da mutum ke ci. Idan kuma aka cika masa ciki da gyaɗa zalla, wadda kusan rabinta mai ne, zai yi rashin lafiya ko da gyaɗar ba ta da aibi, domin abincinsa ya karkata gefe ɗaya. Shi ya sa gwaji mai kyau dole ya haɗa da rukunin da ya ci gyaɗa daidai wannan yawan amma wadda ba a taɓa ba. Gwaje-gwajen farko da dama sun yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare. A farkon shekarun 1980, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tace rahotanni sama da 400 kan abincin da aka haska, biyar kacal ta ga sun cika duk sharuɗɗan da ta gindaya, kuma biyar ɗin ba su nuna illa ba.

Irin dabbar ma abin dubawa ne. A shekarun 1970 wani masani a Filadelfiya, David Kritchevsky, ya ga man gyaɗa ya fi man masara toshe jijiyoyin jinin zomayen da aka ɗura wa kolestarol. Amma zomo maciyin ganye ne, jikinsa bai san yadda zai yi da kolestarol ba. Da aka bi dubban mutane shekara da shekaru a Amurka, sai aka ga masu cin gyaɗa a kai a kai sun fi ƙarancin ciwon zuciya. Don haka duk ranar da aka sake nuna miki irin wannan labari a waya, ki yi tambaya uku: wace dabba ce, nawa aka ba ta, da me aka kwatanta?

Abin da ya kashe talo-talon Ingila

A 1960, 'ya'yan talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila cikin 'yan watanni. Da aka bi diddigi sai aka tarar abincinsu ɗaya: tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. A wannan tsakanin 'ya'yan agwagi ma suna ta mutuwa a Kenya da Yuganda, su ma saboda tunkuza. Bincike ya kai ga wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus, da gubar da take fitarwa, wadda aka raɗa wa suna aflatoksin.

A 1961 aka ciyar da ɓeraye da wannan gurɓatacciyar tunkuza, cikin wata shida ciwon daji ya bayyana a hantarsu. A 1967 wasu masana biyu a Amurka, Gerald Wogan da Paul Newberne, suka sa gubar a abincin ɓeraye, maikirogiram 15 kacal a kowane kilo, adadin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Kafin shekara biyu duk ɓerayen da suka ci suka kamu. An ga illarta a kifi, an gani a kaji, an gani a birai. Wani nau'in ƙananan ɓeraye ya nuna juriya, domin hantarsu tana da hanyar kashe kaifin gubar, amma ba a ɗauki juriyarsu hujja ba tunda dabbobi iri-iri da dama sun faɗi.

Daga baya mutane suka tabbatar da abin da dabbobin suka nuna. Wani bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya gano cewa wanda ya haɗa wannan guba da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, haɗarin kamuwarsa da sankarar hanta ya kai kusan ninki 60 na wanda ba shi da ko ɗaya. A 2004 masara mai fumfuna ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 suka rasu. A 2002 an wallafa binciken yara a Jamhuriyar Benin da Togo, wanda ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna sa wa ɗan Adam wannan cuta.

Hajiya, ki riƙe wannan a matsayin ma'auni. Haɗari na gaske haka yake bayyana a gwaji: a dabbobi iri-iri, a ɗakunan bincike daban-daban, yana ƙaruwa in an ƙara yawa, sannan a same shi a mutane. Yanzu mu ɗora suya da haske a kan wannan ma'auni.

Suya

Ɗanyar gyaɗa tana da wasu sinadarai da ke taka wa narkewar furotin burki a hanji. Zafi yana karya su, shi ya sa dabbobin da aka ciyar da gyaɗar da ta ji wuta daidai suka fi amfana da ita. Amma in wuta ta yi yawa har gyaɗar ta yi duhu, wani ɓangaren furotin da ake kira laisin yana lalacewa, alhali dama gyaɗa ba ta wadatu da shi ba, sai girman dabbar ya ja baya. Akwai kuma akirilamaid, sinadarin da masanan Suwidin suka gano a soyayyen abinci a 2002, wanda ke sa wa ɓeraye ciwon daji in an ɗura musu shi da yawa. Ya fi taruwa a soyayyen dankalin Turawa da kofi. Na gyaɗa kaɗan ne, yana ƙaruwa ne in ta ƙone. Abin da wannan ke cewa ke ma kin san shi tun a bakin kasko: a sauke gyaɗa tana ja-ja, kada ta yi baƙi.

Labarin da ɗanki ya nuna miki ya yi kama da binciken jami'ar Oxford na 2014, kuma wannan ba maganar guba yake yi ba, maganar borin jini ce. An shafa wa ƙananan ɓeraye furotin na gyaɗa a fata, wasu an ba su ta ciki, sai aka ga waɗanda suka fara haɗuwa da na busasshiyar suya jikinsu ya fi yin bore in sun sake cin gyaɗa. Dalilin shi ne zafi mai tsanani yana haɗa furotin da sukari, ya sauya masa kama, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo. Masana sun daɗe suna lura cewa borin gyaɗa ya fi yawa a Amurka da Ingila, inda ake yawan gasa ta, fiye da ƙasar Sin inda ake dafawa ko a soya cikin mai. Wannan bayani ne mai amfani ga masu bincike, amma bai shafi wanda ya saba cin gyaɗa lafiya ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 2015, likitocin Landan suka fitar da sakamakon bin jarirai 640 da ake tsoron za su yi borin. Waɗanda aka fara ba su abinci mai gyaɗa tun kafin su shekara, borin ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Kunun gyaɗar da kuke dama wa yara bai saɓa wa wannan ba. Ƙwayar gyaɗa guda ce ba a ba ƙaramin yaro, don kada ta shaƙe shi. Wanda kuma leɓɓansa ke kumbura ko numfashinsa ke sarƙewa in ya ci gyaɗa, ya bar ta, ɗanya ko soyayyiya ko dafaffiya, ya ga likita.

Inda suya ta gaza shi ne gaban aflatoksin. Gubar ba ta rushewa gaba ɗaya sai zafi ya haura digiri 230, alhali tun kafin nan gyaɗar ta zama gawayi. Suyar da aka saba tana rage ta, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa abin da ya ɗan haura rabi. Ki yi lissafi: in buhu yana da maikirogiram 200 a kilo, suya ta cinye rabi, saura 100, ninki biyar na iyakar da Amurka ta yarda da ita. Sannan in an matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli da abincin kaji. Masu bincike sun sha samun ƙulin da ya wuce ƙa'ida a kasuwannin Najeriya.

Suya tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta tsare gyaɗa daga ƙazantar da za ta biyo baya. Tsakanin 2008 da 2009, kayan gyaɗa daga wani kamfani a jihar Jojiya ta Amurka sun sa wa mutum sama da 700 cutar salmonela, tara suka mutu, aka yanke wa mai kamfanin ɗaurin shekara 28. Gyaɗar soyayyiya ce, masana'antar ce ba ta da tsafta.

Haskawa

Ga yadda ake yi. Akwai ɗaki mai katanga mai kaurin gaske, a cikinsa sandunan wani ƙarfe da ake kira kobalt-60, waɗanda ake ajiye su a ƙarƙashin ruwa in ba a aiki. Kayan suna shiga a cikin kwalayensu, su zaga, su fito. Hasken yana ratsa su, ya tsinke ƙwayoyin gado na ƙwari da ƙwayoyin cuta, su mutu ko su kasa hayayyafa. Abincin ba ya taɓa ƙarfen, kuma ƙarfin hasken bai kai ya mai da abinci mai fitar da tururin nukiliya ba. Kamar wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ne a asibiti: hasken ya ratsa shi ya wuce, bai biyo shi gida ba. Da wannan hanya ake tsabtace sirinji da safar hannun likitoci. Ana auna yawan hasken da ma'aunin da ake kira kilogire. Kilogire 10 ba ya ɗumama abinci fiye da 'yan digiri kaɗan. A Najeriya akwai irin wannan wuri a Sheda kusa da Abuja, a Gana kuma a Kwabenya kusa da Akara.

Da wuya a sami wata hanyar sarrafa abinci da aka yi wa binciken ƙwaƙwaf kamar wannan. Daga 1970 zuwa 1982 ƙasashe da dama suka haɗa kuɗi suka kafa shiri a Karlsruhe ta Jamus, aka ciyar da dabbobi alkama, dankali, shinkafa, kifi, dabino, kayan yaji da sauransu, duk waɗanda aka haska. A Amurka an yi gwajin da aka sani da sunan Raltech, wanda rundunar sojin ƙasar ta fara ɗaukar nauyinsa a shekarun 1970. Naman kaji sama da tan 100 aka yi amfani da shi, aka ciyar da ɓeraye, karnuka, zomaye da wasu dabbobi, ana duba ciwon daji da lafiyar haihuwa, ba a sami illar da za a jingina wa hasken ba. A 1980 kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta Abinci da Aikin Gona, da ta Makamashin Nukiliya ya yanke cewa haska kowane irin abinci har zuwa kilogire 10 ba shi da haɗarin guba. Sun faɗaɗa hukuncin ga kowane abinci ne domin sun ga mai da furotin da sitaci suna sauyawa iri ɗaya a gaban hasken, ko a kaza suke ko a gyaɗa, kuma yawancin abin da ke fitowa irin wanda girki ke fitarwa ne. Akwai kuma wata shaida da ba a shirya ta a matsayin gwaji ba: ɗakunan bincike a duniya sun daɗe suna ciyar da ɓerayensu abincin da aka haska da kilogire 25 ko fiye don kare su daga cututtuka, kuma suna ta haihuwa zuri'a bayan zuri'a.

Amma akwai wurare uku da masu adawa ke nunawa, kuma ya kamata ki san su.

Na farko a Indiya ne. A 1975 masu bincike a Haidarabad suka ba wasu yara masu fama da tamowa alkamar da aka haska ba da jimawa ba, suka ce sun ga sauyi a ƙwayoyin jininsu. Yara biyar-biyar ne a kowane rukuni. Kwamitin da aka kafa a Indiya ya duba bayanan ya ga ba su tsaya ba, kuma da aka yi gwaji da ɗaruruwan manya masu lafiya a ƙasar Sin a shekarun 1980, ba a ga wannan sauyi ba.

Na biyu ya fi kusa da sana'arki, domin ya shafi mai. In haske ya bugi mai, yana haifar da ɗan wani rukunin sinadarai da masana ke taƙaita sunansa da 2-ACB. A 2002 masu bincike daga Faransa da Jamus suka yi wa ɓeraye allurar wani sinadari mai sa ciwon dajin hanji, suna kuma ba su 2-ACB tsantsa a ruwan sha. A wani rukuni ƙarin da ya fito musu a hanji ya fi yawa. Ki lura da sharuɗɗan: an riga an kunna cutar da wani abu daban, kuma abin da aka ba su ya ninka abin da mutum zai samu a abinci nesa ba kusa ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sake duba batun a 2011, ba ta ga dalilin janye amincewarta ba.

Na uku kyanwoyi ne. A 2008 da 2009 kyanwoyi da dama a Ostireliya suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, wasu suka mutu, bayan sun daɗe suna cin wani busasshen abinci da aka haska da kilogire 50 ko fiye a bakin shigowa ƙasar. Wannan illa ce ta gaske, an kuma gan ta a kyanwoyin ɗakin bincike. Ostireliya ta hana haska abincin kyanwa a 2009. Yawan hasken ninki biyar ne na iyakar da aka yanke a 1980, abincin shi kaɗai suke ci safe da yamma, kuma ba a ga irin wannan a karnuka ko ɓeraye ba. Darasin shi ne ƙa'idar yawan haske ba ado ba ce.

Ki ɗora waɗannan uku a kan ma'aunin da muka ajiye. Na farko bai maimaitu ba, na biyu sai da aka yi masa shimfiɗa ta musamman, na uku ya tsaya a dabba ɗaya da haske mai tsanani. Babu wanda ya yi kama da labarin aflatoksin.

Abin da hasken zai yi wa gyaɗarku

Ƙasa da kilogire ɗaya ya isa ya gama da ƙwarin buhu da ƙwayayensu. Wajen kilogire biyar yana kashe yawancin fumfuna. Amma kashe fumfuna daban, kawar da gubar da ta riga ta zubar daban. A busasshiyar gyaɗa aflatoksin tana jure hasken ƙwarai, abin da ke raguwa bai isa ya mai da mugun buhu nagari ba. Nan maganar ɗan kasuwarku ta rushe.

Sannan hasken yana da kuɗinsa a jikin gyaɗa. Yana gaggauta tsufan mai, sai ya fara wari da maƙaƙi tun kafin lokacinsa, yana kuma rage bitamin E. Gyaɗar da aka haska ba ta yin iri. Kuma ba ya barin wata kariya a bayansa. A wasu gwaje-gwaje a Indiya a shekarun 1970, da aka sake zuba fumfuna a hatsin da aka haska, gubar da ta fitar ta fi ta wanda ba a haska ba. In aka haska buhu aka mai da shi ɗaki mai laima, an yi aikin banza.

Ta fuskar kasuwa ma, masu saye a waje gubar suke aunawa. Ƙa'idar duniya ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa maikirogiram 15 ce a kilo, ta Amurka 20, ta Tarayyar Turai ga wadda za a ci kai tsaye 4. Jerin abincin da dukkan ƙasashen Tarayyar suka yarda a haska busassun ganyen miya da kayan ƙamshi ne kawai, dole a rubuta a jikin kayan, dole kuma wurin haskawar ya zama cikin waɗanda suka amince da su. Haskawa tana iya rufe muku ƙofa maimakon ta buɗe.

Abin yi

Gubar ba ta bazu daidai a buhu ba. A 'yan ƙwayoyi take taruwa, waɗanda suka motse, suka fashe, suka sauya launi, ko ƙwaro ya huda. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Don haka tsinta ita ce babban makaminku, kuma sau biyu: kafin suya, da bayan an murje ɓawon an sheƙe, domin a lokacin ne tabon da ke ɓoye yake fitowa fili. Kada ku ruɗu da arhar gyaɗar da ta sha ruwa ko ta kwanta.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A 2005 aka wallafa wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindia a ƙasar Gini. Rabinsu aka koya musu tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe ƙarau, zuba ta a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Bayan 'yan watanni, gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ta gaza rabin ta sauran. Ba inji, ba haske.

In kuna da manoman da kuke saye a hannunsu kai tsaye, ku tambaye su ko fari ya kama gyaɗar gab da cira, domin a lokacin fumfunar ke shiga tun a ƙasa. Ku kuma yi musu maganar Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Wani nau'in fumfunar ne marar guba da ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin fure, ya mamaye wurin kafin mai gubar ta samu gindin zama.

Abin da kuka tsince kuka ware, kada ku niƙa shi cikin tunkuzar masu kaji, kada ku zuba wa awaki. Kaza ta ci ta daina girma ta rage ƙwai, saniya ko akuya ta ci gubar ta fito a nononta ta dawo wa yara. A binne shi ko a ƙone. Tunda kin yi maganar alhaki, nan yake. Ku kuma tabbatar yaranku sun karɓi allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B, manya su je a gwada su, domin haɗuwar cutar da gubar ce ta fi muni.

Matan ƙungiya ki gaya musu su ci gaba da suya hankali kwance, kuma in sun ga yaji ko wani abinci da aka rubuta an haska shi, ba abin gudu ba ne. Shi kuwa ɗan kasuwa, ku ce masa kafin a yi maganar haske a ɗebi samfuri daga buhuna da dama, daga sama da tsakiya da ƙasa, a kai ɗakin gwajin da NAFDAC ta yarda da shi, a auna aflatoksin, a kawo muku sakamako a rubuce. In adadin ya yi ƙasa, kayanku za su shiga kasuwa ba tare da haske ba. In ya yi sama, ba hasken da zai sauko da shi, sai a koma kan manomi, shanya da tsinta.